Yaƙin Cacar Baka: Yadda Rigimar Amurka Da Sobiyet Ta Cinye Lumumba

Masu sauraro, da waɗanda data ba ta bari su sauke murya sai dai su karanta a rubuce, duk ina gaishe ku. Na ga ƙorafin da aka yi cewa shirin makon jiya ya yi tsawo. To ku yi haƙuri, na yau ma ba gajere ba ne, domin maganar da na ɗauko ba ta yankuwa a tsakiya.

Bari in fara da dalilin ɗauko ta. A watan Agustan 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, ina cikin waɗanda suka fita. Kun tuna an ga tutar Rasha a hannun matasa a Kano da Kaduna, har aka kama teloli da laifin ɗinka ta. Kafin nan, a 2023, an gan ta a Yamai bayan juyin mulki. Da ƙura ta lafa, wani dare a teburin mai shayi, na tambayi wani ƙanenmu na unguwa da na san ya ɗaga tutar, na ce masa me ya sa? Ya ce, "Yaya, ai su ne maganin Amurka." Na ce ka san Lumumba? Ya ce ya san hotonsa, mai tabarau da ɗan gemu, ana yawan ɗora shi a Facebook, wanda Turawa suka kashe. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ban ga laifinsa ba, ni ma sai da na shiga jami'a na san cewa kafin a kashe shi sai da ya nemi taimakon Mosko, aka kuma ba shi. Abin da ya biyo bayan wannan taimako shi ne labarinmu na yau.

Amma sai mun ɗan koma baya.

A watan Mayun 1945 Jamus ta miƙa wuya, a watan Agusta Japan ta biyo baya, bayan an jefa mata bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Ingila da Faransa suna cikin waɗanda suka ci yaƙi, amma sun fito aljihu wayam, bashi ya yi musu katutu. Ƙasashe biyu ne suka rage a tsaye. Amurka, wadda ba a ruguza mata masana'anta ko ɗaya a cikin ƙasarta ba, da Tarayyar Sobiyet, wadda ta rasa mutum kimanin miliyan 27 amma sojojinta suna zaune daram a rabin Turai. Kowacce da aƙidarta. Amurka tana kan jari-hujja, wato kowa ya mallaki abin da zai iya, kasuwa ta yi halinta, a yi jam'iyyu a yi zaɓe. Sobiyet tana kan gurguzu, wato kwaminisanci, inda gwamnati ke riƙe da masana'antu da gonaki da sunan ma'aikata, jam'iyya kuma ɗaya ce tak. Kowanne ɓangare ya yi imani cewa nasa tsarin ne zai gaje duniya, kuma kowanne yana tsoron ɗayan tsoro na gaske.

Daga nan abubuwa suka riƙa zuwa a guje. A 1947 Shugaba Truman ya ce Amurka za ta tallafa wa duk ƙasar da gurguzu ke barazana gare ta, aka fara da Girka da Turkiyya, sannan aka zuba wa Yammacin Turai kusan dala biliyan 13 a ƙarƙashin shirin Marshall. A 1948 Stalin ya toshe hanyoyin shiga Yammacin Balin, aka yi wata goma sha ɗaya ana kai wa mutanen birnin abinci da gawayi ta jirgin sama. A 1949 aka kafa NATO, a shekarar Sobiyet ta gwada nata bam ɗin, a shekarar dai Mao ya karɓi Sin. Daga 1950 zuwa 1953 aka gwabza a Koriya. To tun da kowa ya mallaki bam, sai ya zama manyan biyu ba za su iya taɓa juna kai tsaye ba, domin duk wanda ya fara, har shi za a tafi. Sai aka koma yin faɗan a gidajen wasu.

Akwai abin da yake ɗan damuna game da sunan da muke kiran wannan zamani da Hausa, Yaƙin Cacar Baka. Na fahimci inda sunan ya samo asali, domin mu ta rediyo ya fi iso mana. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta Yamma da Sin suka buɗe nasu a 1963, Mosko ma tana da nata, Muryar Amurka ta shigo a 1979. Kakana yana da wata tsohuwar rediyo da yake juya ta daga wannan tasha zuwa waccan, yana cewa kowa na yabon gyaɗarsa. A wajensa cacar baka ce, gaskiyarsa. Amma ka je ka gaya wa mutumin Koriya ko Biyetnam ko Angola cewa abin da ya ci iyayensa cacar baka ce, ka ga irin kallon da zai yi maka.

Yanzu mu shiga Kwango.

Kwango ƙasa ce da ta ninka Najeriya sau biyu da rabi a faɗi. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, ba ma ƙasar Beljiyam aka ba wa ita ba, Sarki Leopold na Biyu aka ba wa, ta zama kamar gonarsa ta gado. Abin da aka yi wa mutane a can saboda roba, yanke hannaye da ƙona ƙauyuka, ya kai munin da Turawan kansu suka yi ta surutu, har a 1908 gwamnatin Beljiyam ta karɓe ƙasar daga hannunsa. Arzikin ƙasar kuwa yana kudu maso gabas, a lardin Katanga, inda ake haƙar jan ƙarfe da kobal da yuraniyum, kuma kamfani ɗaya ne ke juya su, Union Minière. Ku riƙe wannan: akwai wata mahaƙa a Katanga mai suna Shinkolobwe, daga cikinta aka samo mafi yawan yuraniyum ɗin da Amurka ta yi aikin bam ɗinta na farko da shi. Saboda haka tun kafin a san wani Lumumba, a Washinton an san Katanga, kuma an ƙudurta cewa ba wurin da za a bari Mosko ta sa ƙafa ba ne.

Shi Patrice Lumumba an haife shi a 1925 a lardin Kasai. Bai yi jami'a ba. Akawun gidan waya ne a Stanleyville, wato Kisangani ta yau, kuma an taɓa ɗaure shi kan zargin taɓa kuɗin gidan wayar. Da ya fito ya koma babban birni yana tallan giyar wani kamfani, a nan ya goge wajen magana da jama'a. Ina faɗin waɗannan ne da gangan, domin masu ɗora hotonsa sun mayar da shi kamar waliyyi, alhali mutum ne irinmu, mai kuskure, mai saurin fushi. A 1958 ya shiga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar MNC, a ƙarshen shekarar ya je taron al'ummomin Afirka da Nkrumah ya kira a Akara, ya dawo da wuta a cikinsa. Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan siyasar ƙasar shi ne su yawancinsu jam'iyyun ƙabila ko na lardi suke yi, shi kuwa Kwango ɗaya dunƙulalliya yake so.

Beljiyam ba ta shirya ba da 'yanci ba sam. A 1955 wani farfesansu ya kawo shawarar a yi shirin shekara talatin, aka ce ya yi gaggawa. Sai ga tarzoma a babban birni a Janairun 1959, ga kuma abin da suke gani yana faruwa da Faransa a Aljeriya. Nan take suka juya, a taron da aka yi a Burasel farkon 1960 suka ce to ku karɓa nan da wata biyar. Ƙasa mai mutum miliyan goma sha wani abu, waɗanda suka gama jami'a a cikinta ba su kai talatin ba, babu hafsan soja baƙar fata ko guda. Lissafin Beljiyam a fili yake: a ba su tuta da kujera, mu ci gaba da riƙe soja da ma'aikatu da ma'adanai.

Ranar 30 ga Yunin 1960 aka yi bikin 'yancin kai. Joseph Kasavubu shugaban ƙasa, Lumumba firaminista. Sarki Baudouin ya tashi ya yabi Leopold na Biyu, a gaban jikokin waɗanda aka yanke wa hannu. Ba a sa Lumumba cikin jerin masu jawabi ba, amma ya miƙe ya nufi makirfo. Ya lissafa zagi da mari da aikin tilas da ƙwacen filaye, ya ce 'yancin nan ba kyauta aka ba su ba, da gwagwarmaya suka karɓa. Ana watsawa kai tsaye a rediyo. Jama'a suka yi ta tafi, sarki ya fusata har ya so ya tafi. Ni dai in an tambaye ni, babu ƙarya ko ɗaya a jawabin. Amma daga ranar aka shafa masa baƙin fenti a Burasel.

Kwana biyar kacal aka yi. Babban kwamandan soja, Janar Janssens, ɗan Beljiyam, ya tara sojoji ya rubuta musu a allo cewa kafin 'yanci da bayan 'yanci duk ɗaya ne. Ga shi kuma sabuwar gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi ta tsallake soja, wannan kuskuren Lumumba ne. Sojoji suka yi bore, aka far wa Turawa, aka ci zarafin mata, dubban 'yan Beljiyam suka tsere, ma'aikatu suka tsaya cak. Lumumba ya sallami Janssens, ya ɗauko wani abokinsa tsohon saje kuma ɗan jarida, Joseph Mobutu, ya ba shi kanar ya naɗa shi shugaban hafsoshi. Ku riƙe sunan nan ma.

Ranar 10 ga Yuli Beljiyam ta sauke sojojinta ba tare da izinin gwamnatin ƙasar ba, wai don kare 'yan ƙasarta. Washegari, 11 ga wata, Moise Tshombe ya ce Katanga ta ɓalle. Sojojin Beljiyam ne ke tsare masa lardin, kamfanin ma'adanai kuma ya koma biyan haraji gare shi maimakon gwamnatin tsakiya. Wato ƙasa tana da kwana goma sha ɗaya a duniya aka cire mata lalitarta.

To a nan nake so ku bi ni a hankali, domin jerin ƙofofin da Lumumba ya ƙwanƙwasa shi ne zuciyar labarin. Bai fara da Mosko ba. Gwamnatinsa ta nemi taimakon Amurka, aka ce su je Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka je. Ranar 14 ga Yuli Kwamitin Sulhu ya amince a tura sojoji, kuma suka zo da sauri, daga Ghana da Tunisiya da Maroko da Habasha da sauransu, daga baya adadinsu ya kai kusan dubu 20. Lumumba ya ɗauka sun zo su taya shi karɓo Katanga. Babban Sakatare Dag Hammarskjold ya ce a'a, ɓallewar Katanga rigimar cikin gida ce, Majalisa ba za ta sa ƙarfi a ciki ba. A ƙarshen Yuli Lumumba ya tafi Washinton da kansa. Bai samu ganin Shugaba Eisenhower ba, ya gana da sakataren harkokin waje, ya roƙi ko jirgin sama ne a ba shi, aka sake nuna masa hanyar Majalisa. Ya dawo hannu rabbana.

Hausawa na cewa wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A watan Agusta ya nemi Sobiyet, Khrushchev ya aiko da 'yan jiragen sama na ɗaukar kaya da manyan motoci kimanin 100 da ma'aikatansu. Da su aka kwashi sojoji zuwa Kudancin Kasai, wani yanki mai lu'ulu'u da shi ma ya ɓalle. Sojojin nan ba horo ba abinci, suka afka wa fararen hula a yankin Bakwanga, aka kashe mutane da yawa. Wannan ma yana cikin tarihinsa, ba za mu ɓoye ba.

Shin Lumumba ɗan gurguzu ne? Shi da bakinsa ya sha cewa a'a, kuma babu abin da ke cikin tsare-tsaren jam'iyyarsa da ya nuna haka. Ɗan kishin ƙasa ne da yake ganin yana da ikon karɓar taimako daga duk inda ya samu. Sai dai a 1960 ba a yarda da wannan iko ba. Shekara ɗaya da rabi ke nan da Castro ya karɓi Kyuba yana karkata zuwa Mosko, a Washinton kuma kowa na cewa ba za a sake yin wata Kyuba a tsakiyar Afirka ba. Ranar 18 ga Agusta aka yi taron majalisar tsaron Amurka. Mai ɗaukar bayanin taron ya ba da shaida daga baya cewa ya ji Eisenhower ya faɗi maganar da shi ya fahimce ta a matsayin umarnin a kawar da Lumumba, ɗakin kuma ya yi tsit. Bayan kwana takwas shugaban CIA, Allen Dulles, ya aika wa wakilinsu a Kwango, Larry Devlin, cewa kawar da Lumumba daga mulki abu ne na gaggawa. A watan Satumba wani masanin sinadarai na hukumar, Sidney Gottlieb, ya sauka a babban birnin da guba a jakarsa, wadda aka so a sa masa a abinci ko man goge baki. Kada wani ya ce labarin teburin mai shayi ne. Kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Frank Church ne ya tono shi a 1975. Ba a kai ga amfani da gubar ba, domin an samu hanya mafi sauƙi.

Ranar 5 ga Satumba Kasavubu ya shiga rediyo ya ce ya tsige Lumumba. Lumumba ya shiga shi ma ya ce ya tsige Kasavubu. Jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya suka rufe gidan rediyon da filayen jirgin sama, wai don a zauna lafiya. Amma ku duba wa abin ya cutar. Kasavubu yana da aboki a tsallaken kogi, a Barazabil, ya ci gaba da magana ta rediyon can. Lumumba, wanda bakinsa ne makaminsa, aka bar shi ba murya, sojojin da ke goyon bayansa kuma ba jirgin da zai kawo su. Majalisar dokoki ta mara masa baya, bai hana komai ba. Ranar 14 ga Satumba Kanar Mobutu, abokin nan nasa, ya ce soja sun dakatar da kowa da kowa, ya ba jakadun Sobiyet da Cekoslobakiya awa 48 su bar ƙasar.

Suka kuwa tattara suka tafi. Wannan wurin nake so ƙanena na teburin shayi ya ji da kyau. Taimakon Mosko ya isa ya sa a yi wa Lumumba tambarin gurguzu, amma bai isa ya kare shi ko na kwana ɗaya ba. Khrushchev ya je zauren Majalisa a New York ya yi ta faɗa, ya ce a sauke Hammarskjold a maye gurbinsa da mutum uku. Magana ce mai daɗin ji. Amma Kwango ta yi wa Sobiyet nisa, ba ta da jiragen ruwa ko sansanin da za ta kai ƙarfi can, kuma ba za ta yi kasadar yaƙi da Amurka a kan wani firaministan Afirka da ba ma ɗan jam'iyyarta ba. Ko daga baya da magoya bayan Lumumba suka kafa gwamnati a Stanleyville ƙarƙashin Antoine Gizenga, Mosko ta amince da su a takarda, kayan da za a kai musu kuwa Sudan ta hana a ratsa ta ƙasarta. Kuma kada mu manta, wannan Sobiyet ɗin da ke kuka kan 'yancin Kwango, shekara huɗu kafin nan tankokinta ne suka murƙushe mutanen Hangari a Budafes da suka ce su ma suna son su zaɓi hanyarsu.

Aka tsare Lumumba a gidansa. Zobe biyu ne na sojoji, na ciki na Majalisa masu hana a kama shi, na waje na Mobutu masu hana shi fita. A watan Oktoba ministan Beljiyam mai kula da harkokin Afirka ya aika saƙon tangaraho cewa abin da ake so shi ne a kawar da shi kwata-kwata. A watan Nuwamba babban zauren Majalisa ya amince da wakilan Kasavubu a matsayin halastattu. Da Lumumba ya ga haka, daren 27 ga Nuwamba ya sulale a cikin mota ana ruwan sama, ya nufi Stanleyville. Da ya yi sauri da wataƙila ya isa. Amma duk garin da ya ratsa mutane sai su taru, shi kuma sai ya tsaya ya yi musu jawabi. A farkon Disamba sojojin Mobutu suka cim masa a bakin kogin Sankuru. Sojojin Majalisa da ke yankin an ba su umarnin kada su sa baki. Akwai hoton bidiyon dawo da shi, an ɗaure hannayensa ta baya a bayan mota, wani soja yana cusa masa takarda a baki. Idan zuciyarka ba ta da ƙarfi kada ka nema.

Ko a kurkukun barikin Thysville bai daina ba su tsoro ba, domin a Janairu sojojin barikin suka yi bore kan albashi, aka ji tsoron za su sake shi. Ga kuma Kennedy zai karɓi mulki a Amurka, ba a san yadda zai ɗauki lamarin ba. Ranar 17 ga Janairun 1961 aka sa shi a jirgi tare da abokansa biyu, Maurice Mpolo da Joseph Okito, aka kai su Katanga, hannun Tshombe. Tun a cikin jirgi ake dukansu. A daren ranar aka kai su daji aka harbe su ɗaya bayan ɗaya, a gaban ministocin Katanga, hafsoshin Beljiyam ne ke ba da umarni. Shekararsa 35. Mulkinsa bai cika wata uku ba. Saura kwana uku a rantsar da Kennedy.

Don kada a samu kabarin da za a riƙa ziyarta, aka sa wani ɗan sandan Beljiyam, Gerard Soete, ya tono gawarwakin, ya daddatsa su, ya narkar da su a ruwan asid. Sai ranar 13 ga Fabrairu aka sanar da duniya, aka ce wai ya gudu ne mutanen wani ƙauye suka kashe shi. Ba wanda ya yarda. Aka ƙona ofishin jakadancin Beljiyam a Alƙahira, aka yi zanga-zanga a birane da yawa har da Legas. Sobiyet kuma ta sa wa wata jami'arta ta Mosko sunansa, jami'ar da ɗaliban Afirka da dama suka yi karatu a cikinta, har da 'yan Najeriya. A raye an ba shi motoci ɗari, a mace ya fi yi musu amfani.

Mu ma muna cikin labarin nan, ko da yake ba a koya mana a makaranta. Najeriya ta samu 'yanci 1 ga Oktoban 1960, bayan 'yan makonni sojojinmu suna Kwango ƙarƙashin tutar Majalisa. Jaja Wachuku ne ya shugabanci kwamitin sasantawa da Majalisa ta tura. Aguiyi-Ironsi ya jagoranci bataliya a can, a 1964 ya zama kwamandan rundunar gaba ɗaya. Gowon da Obasanjo da Murtala duk sun yi aiki a Kwango suna ƙananan hafsoshi. Ku lissafa, mutum huɗu da suka zo suka mulki Najeriya da kaki. Ba na cewa a can suka koyo juyin mulki, amma da idonsu suka ga ƙasar da kanar ɗaya ya sallami zaɓaɓɓiyar gwamnatinta ta rediyo, manyan ƙasashe kuma suka tafa masa.

Sauran labarin zan bi da sauri. Hammarskjold ya mutu a haɗarin jirgin sama kusa da Ndola a Satumban 1961, yana kan hanyar ganawa da Tshombe. A Janairun 1963 sojojin Majalisa suka kawo ƙarshen ɓallewar Katanga da ƙarfin bindiga, wato abin da Lumumba ya roƙa aka ce ba zai yiwu ba, ya yiwu bayan ba shi. A 1964 magoya bayansa suka yi tawaye suka kama kusan rabin ƙasar, su ma suka yi kashe-kashe, aka murƙushe su da sojojin haya da sojojin laima na Beljiyam waɗanda jiragen Amurka suka sauke a Stanleyville. A 1965 Che Guevara ya shigo gabashin ƙasar da 'yan Kyuba, ya yi wata bakwai ya fita ba nasara. A Nuwamban shekarar Mobutu ya karɓi mulki gaba ɗaya.

Shekara kusan 32 ya yi. Ya sauya wa ƙasar suna zuwa Zayar, ya gina fada a ƙauyensu Gbadolite da filin jirgin da Concorde ke sauka, asibitoci da hanyoyi suna rugujewa. Kowa ya san yana sata, masu ba shi bashi sun fi kowa sani, amma ana karɓarsa a Fadar White House domin shi ne katangar da ta tare gurguzu, ta ƙasarsa kuma ake bi a kai wa 'yan tawayen Angola makamai. Abin da ya fi ba ni haushi, a 1966 shi da kansa ya ayyana Lumumba gwarzon ƙasa. Da katangar Balin ta faɗi a 1989, Sobiyet ta wargaje a 1991, sai amfaninsa ya ƙare, aka janye masa tallafi. A 1997 'yan tawayen Laurent Kabila suka kore shi, ya mutu a Maroko bayan 'yan watanni. Yaƙin da ya biyo baya ya ci miliyoyin rayuka, gabashin ƙasar har gobe bai zauna ba. Kobal ɗin Katanga kuwa yana nan ana haƙa, fiye da rabin wanda duniya ke amfani da shi daga Kwango yake fitowa, ba mamaki akwai shi a batirin wayar da kake karanta wannan da ita.

Shi ɗan sandan nan Soete, ashe bai narkar da komai duka ba. Bayan shekaru kusan arba'in ya fito a talabijin yana ba da labari, ya nuna haƙoran da ya ajiye. Majalisar dokokin Beljiyam ta yi bincike, a 2001 ta ce gwamnatin lokacin tana da alhaki ta fuskar ɗabi'a, a 2002 ministan harkokin wajensu ya nemi afuwa. A 2016 hukuma ta karɓe haƙori ɗaya mai rufin zinariya daga hannun 'yar Soete. A watan Yunin 2022 aka miƙa shi ga 'ya'yan Lumumba a Burasel, aka sa shi a akwatin gawa cikakke, aka zaga da shi ƙasar, aka binne a Kinshasa ranar 30 ga wata, shekara 62 daidai da ranar jawabin nan. Haƙori ɗaya, shi ne gawar.

Duk wannan na ba wa ƙanen nan nawa a daren, a taƙaice, har shayinsa ya huce. Ya yi shiru, can ya ce, "To Yaya, Rashar yanzu ai ba Sobiyet ba ce." Na ce gaskiyarka, ba ita ba ce, ko gurguzun ma ta daina, jari-hujja take yi kamar kowa. Ya ce, "To in mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa uku an ƙi buɗe masa, ya zauna a kashe shi?" Wallahi ban ba shi amsa a daren ba, mai shayi ma ya fara kife kofuna.

Akwai wani shugaban Afirka da ya tsinci kansa a tsakanin manyan biyun nan, shekara goma sha biyar bayan Lumumba, kuma ɗan Kano ne. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu shiga Angola ta 1975, da wasiƙar da Shugaba Ford ya aiko wa shugabannin Afirka, da abin da Murtala ya je ya faɗa a Addis Ababa a Janairun 1976. Wanda yake da gyara ko ƙarin bayani kan na yau ya ajiye a ƙasa, ina karantawa.